Masu Farautar Haske a Sararin Zazzau

Daga tsakiyar watan Oktoba, lokacin da ruwa ya ɗauke kuma hazon hunturu bai riga ya sauko ba, duk wanda ya fito tsakar gida a Tudun Wada kafin kiran assalatu ya ɗaga kai zai ga wasu taurari uku a jere, sun kusa tsakiyar sama, tazarar da ke tsakaninsu ɗaya. Kaza da 'Ya'yanta ta riga ta yi gaba wajen yamma. Ukun nan su ne ɗamarar tarin taurarin da ake kira Oriyon. Idan ka saukar da ido kaɗan daga kansu zuwa kudu, wato ɓangaren Birni, za ka ga wasu ƙanana sun zubo a tsaye, kuma na tsakiyarsu ba shi da kaifi irin na 'yan'uwansa. Dishi-dishi yake, har ka ɗauka barci ne bai sake ka ba. To, ba tauraro ba ne. Gajimare ne na iska da ƙura, irin wanda masana falaki ke kira nebula. Faɗinsa ya kai tafiyar haske ta shekara 24, kuma a cikinsa sababbin taurari ke kunno kai har gobe. Nisansa daga nan kimanin tafiyar haske ta shekara 1,350 ne, wato hasken da ya shiga idonka a daren nan ya baro can tun wajajen ƙarshen ƙarni na 7, lokacin akwai sauran Sahabbai a raye.

Iyakar abin da ido zai ba ka ke nan, ɗan tabo mai ruwan toka. Ko ka sami tabarau mai hangen nesa, fari-fari za ka gani da ɗan ratsin kore. Amma akwai mutane, ba ma'aikatan wata hukuma ba, ba kuma dole sai malaman jami'a ba, da ke ɗaukar kyamara irin wadda ake zuwa biki da ita, su kwana a saman bene, su wayi gari da hoton wannan tabon ya buɗe, ja da ruwan hoda da shuɗi, baƙar ƙura ta ratsa tsakiyarsa. Su nake son in yaba. Na daɗe ina ganin cewa a cikin sana'o'in hoto babu wadda ta kai tasu buƙatar sani da haƙuri, kuma babu wadda ake tauye wa haƙƙi kamarta. Wanda aka nuna wa hoton yakan ce ko dai daga NASA aka kwafo shi, ko kuma kwamfuta ce ta zana.

Dalilin gazawar ido shi ne ba ya ajiya. Abin da ya shigo masa cikin ƙiftawa shi yake miƙa wa ƙwaƙwalwa, ya share, ya karɓi sabo. Ko ka kwana kana ƙura wa gajimaren ido, ba zai ƙara maka haske ba. Ga shi kuma ƙwayoyin da ido ke aiki da su a cikin duhu ba sa rarrabe launi. Kyamara kuwa tarawa take yi. Idan aka bar idonta a buɗe sakan 30, duk hasken da ya faɗo cikin sakan 30 ɗin zai taru wuri ɗaya. A kan wannan bambancin aka gina sana'ar, kuma 'yan sha'awa ne suka aza tubalinta. Ranar 30 ga Satumba 1880 wani likita a Amurka, Henry Draper, ya bar farantin hoto a buɗe kimanin minti 50 a bayan na'urarsa ta hangen nesa, ya sami hoton farko da aka taɓa ɗauka na wani nebula, kuma wannan na Oriyon ɗin ne. Hoton ba shi da wani kyau. A 1883 sai Andrew Common, mutumin da sana'arsa harkar bututu da magudanan ruwa ce a Landan, ya yi amfani da madubi mai faɗin inci 36 da ya kafa a gidansa da ke Ealing, ya yi ta tsawaita lokacin buɗin har ya kai awa guda. Hotunansa sun fito da taurarin da ido ba ya iya gani ko ta cikin wannan madubin. Daga nan masana suka yarda cewa hoto ya wuce ido, kuma ƙungiyar masana falaki ta Ingila ta ba shi lambar zinariya a 1884.

Da buɗe kyamara a bar ta shi ne duka aikin, da kowa ma ya yi. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Ƙasa ba a tsaye take ba, tana juyawa digiri 15 a kowace awa, shi ya sa taurari ke fitowa gabas su faɗi yamma. Cikin minti 2 kacal tauraro yana gusawa gwargwadon faɗin farin wata, kuma Oriyon yana kan layin da gudun ya fi sauri. Ka kafa kyamara a kan ƙafarta ka buɗe ta minti guda, kowane tauraro zai koma ɗan zare, gajimaren kuma ya shafe. Masu aikin suna da ƙiyasin da suke farawa da shi: a raba 500 da tsawon lensi a milimita. Lensi mai 50 zai ba ka sakan 10, ko sakan 6 a ƙananan kyamarorin da suka fi yawa a hannun masu hoton biki. Mai 200 da ƙyar ya ba ka sakan 2. Sakan 2 kuwa me zai tara?

Mafita ta farko ita ce a sa kyamarar ta bi sama. Akwai injina da ake sayarwa don haka, masu tsada, sai an yi odarsu daga waje. Wanda ya fi burge ni shi ne wanda wani mutumin Sukotlan, George Haig, ya bayyana a mujallar Sky & Telescope a 1975, domin duk kafintan da ke bakin titi a Tudun Wada zai iya haɗa shi kafin azahar. Katako ne guda biyu, a haɗa su da hinjin ƙofa a gefe ɗaya. A huda na ƙasa, a zura dogon sukuru mai noti wanda zai riƙa tura na sama idan an murɗa. Kyamara tana zaune a kan na saman. Sirrin yana wurin awo. Idan sukurun mai lamba M6 ne, wanda zagayensa ɗaya ke tafiyar milimita 1, sai a huda raminsa milimita 228 da rabi daga tsakiyar hinjin. Da wannan tazarar, in ka murɗa zagaye ɗaya a kowane minti, katakon sama yana buɗewa daidai da gudun juyawar ƙasa, ba ƙari ba ragi. Sai mutum ya zauna a duhu da agogo mai hannun sakan. In lensin gajere ne, rubu'in zagaye duk sakan 15 ya wadatar. In dogo ne, dole yatsa ya riƙa bin hannun agogon ba tsayawa, ba ya tari da ƙarfi, ba ya jingina da ƙafar kyamara, ko sauro ya cije shi sai ya daure. Bayan minti 10 ko 15 lissafin yakan fara zamewa, saboda sukuru miƙaƙƙe ne sama kuwa zagaye take yi, sai a warware a koma farko. Ni dai wanda ya iya wannan, da katako biyu da sukuru ɗaya ya riƙe tauraro wuri guda, ba na jin nauyin ce masa gwani.

Akwai sharaɗi guda, kuma a nan mutumin Zariya yake shan wahalar da Bature ba ya sha. Dole hinjin ya kalli tauraron arewa, wanda sama gaba ɗaya take zagayawa kusa da shi. Tsayin wannan tauraro daga ƙasa daidai yake da nisan garinku daga layin da ya raba duniya biyu a tsakiya. A Landan yana sama da digiri 50, kowa na ganinsa. A Zariya digiri 11 ne, dunƙulen hannu ɗaya ke nan in ka miƙa hannunka gaba. Daga Tudun Wada kuma arewa ita ce ɓangaren Sabon Gari da fitilunta, ga katangar maƙwabta, ga tankin ruwa, ga dogon yaro. In hazo ya sauko ma ba a maganarsa. Don haka masu wayo sukan sa kafinta ya yanka musu ɗan katako mai gangaren digiri 11 su ɗora na'urar a kai, su nemo arewa da kamfas ɗin waya, sannan su ɗauki hoton gwaji su ga ta ina taurari ke zamewa, su gyara, su sake gwadawa. In saitin ya zauna, sai su zana wa ƙafafun kyamara alama da fenti a daɓen benen, don kada gobe a sake wannan wahalar.

Mafita ta biyu ita ce zuciyar sana'ar a yau, kuma ko ba ka da katakon Haig za ka iya yin ta. Maimakon hoto ɗaya mai tsawo, sai a ɗauki gajeru da yawa a haɗa. Hoto 300 na sakan 2 ya zama minti 10 ke nan. Wanda bai sani ba zai zaci tara haske kawai ake yi, alhali babban abin da ake yaƙa shi ne yashi. Duk wanda ya taɓa ɗaukar hoto da waya a ɗaki mai duhu ya san wannan yashin da ke cika fuskar hoto. Yana zuwa ne daga wurare uku: haske mai rauni ba ya sauka daidai wa daida, wani lokaci ya yi yawa wani lokaci ya yi kaɗan, sensar kyamara tana ɗaukar zafi, kuma wayoyin da ke karanta ta suna da nasu ƙaramin kuskure. A hoto ɗaya na sakan 2, gajimaren yana nan amma yashi ya binne shi. Abin da ke ceton mai aikin shi ne yashi ba ya maimaita kansa, gajimare kuwa kullum yana inda yake. Ka ɗauka alƙali ne ya tara shaidu 100 a kan magana ɗaya, kowannensu ya ga abin daga nesa da magariba. Kowa zai yi ɗan kuskure, amma kuskuren wannan ba shi ne na wancan ba, sai su kashe juna, abin da suka haɗu a kai ya tsaya. Wanda kuma ya zo da labarin da babu wanda ya gani sai shi, a sallame shi. Haka manhajar haɗa hotuna take yi. Tana jera su tauraro a kan tauraro, ta ɗauki matsakaicin kowane ɗigo, ta watsar da abin da ya fito a hoto ɗaya tak, ko layin jirgin sama ne ko na tauraron ɗan'adam, waɗanda suka yi yawa tun da aka fara harba na Starlink a 2019.

Lissafin ribar yana da tsauri. Hoto 4 yana ninka tsabtar sau 2, hoto 100 sau 10, in kana son sau 20 sai ka kawo 400. Shi ya sa za ka ji ana cewa hoto ɗaya ya ci dare uku ko biyar, kuma ba ƙari aka yi ba.

Bayan an gama da sama, ba a naɗe kaya. Sai a rufe bakin lensi da murfinsa a ɗauki hotunan duhu zalla guda 20 ko 30, da tsawon lokaci ɗaya da saiti ɗaya, a kuma cikin sanyin daren nan, domin su nuna tabon da zafin sensa ke yi a cire shi. Zafi abokin gaba ne, ƙarin digiri 6 ko 7 yana kusan ninka wannan nau'in yashin, don haka daren Disamba a Zariya ya fi daren Afrilu nesa ba kusa ba. Sannan a yafa farar riga mai tsabta a bakin lensin, a haska ta da farin allon waya ko a jira hasken alfijir, a ɗauki wasu 20. Waɗannan su ke nuna inda gefen hoto ya dushe da inda ƙura ta kwanta a kan gilashi. A garin da za ka share tebur da safe ka rubuta sunanka a kansa da yamma, wanda ya raina waɗannan hotunan zai ga zobba-zobba sun cika masa aiki. Saboda ƙurar nan ce ma ba a cire lensi a waje lokacin hunturu, sai a ɗaki.

Saiti kuma, wato kaifin hoto, shi ne inda sababbin shiga suka fi faɗuwa. Kyamara ba ta iya saita kanta a duhu, da hannu ake yi. A nemi tauraro mai haske, kamar Rijil da ke ƙafar Oriyon, a zuƙo shi a allon kyamara, a riƙa murɗa zoben a hankali har ya zama mafi ƙanƙantar ɗigo, sannan a manne zoben da salatif. Wani ɗan sha'awa a Rasha, Pavel Bahtinov, ya fito da dabara a 2005: murfi mai tsaga-tsaga ta fuska uku, wanda ke sa tauraro ya fitar da layuka uku, in na tsakiya ya zauna daidai tsakanin biyun to saiti ya yi. Ana iya yanka shi da kwali da reza. Sauran ƙananan ƙa'idojin ba su da wuya. A ajiye hoto a tsarin RAW domin JPEG yana zubar da raunanan bayanai, su kuwa ake nema. A sa ISO wajen 800 zuwa 1600. Kada a taɓa kyamara da hannu, a yi amfani da rimot. A rufe tocila da jar leda, domin ido yana buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, farin haske kuma cikin sakan ɗaya yake rusa wannan.

Washegari a gaban kwamfuta ake ganin wanda ya ƙware. Manhajojin suna nan kyauta, Siril da DeepSkyStacker da Sequator, tsohuwar laftof ma tana ɗaukarsu in an yi mata haƙuri. Abin da ke fitowa bayan haɗawa yakan karya gwiwa, kusan baƙi ƙirin ne da 'yan ɗigogi. Duk gajimaren yana matse a can ƙasan ma'aunin haske, sai an ja shi sama kaɗan-kaɗan, ana ɗaga mai rauni ba tare da ƙona mai ƙarfi ba. Oriyon yana da wuya ta wannan fuskar, domin cibiyarsa ta fi gefensa haske ninkin-ba-ninkin. A cibiyar akwai taurari huɗu da ake kira Tirafiziyam, babbansu ya fi rana nauyi fiye da sau 30, kuma haskensu ne ke dukan iskar da ke kewaye har take ƙyalli da zafin da ya kai kusan digiri 10,000. Wanda ya ja hoto da gaggawa zai mayar da cibiyar farin tabo, huɗun su ɓace. Gwani yakan ɗauki wasu gajerun hotuna na musamman don cibiyar kaɗai, ya saka su a ciki ta yadda ba za ka ga ɗinki ba. In ka ga hoton Oriyon, ka fara duba nan. In huɗun suna nan a rarrabe, kuma gefen gajimaren bai ɓace ba, mai hoton ya san aikinsa.

Tambayar da aka fi yi ita ce ko launin na gaskiya ne. Jan na gaskiya ne, iskar haidurojin ce ke fitar da shi a tsawon zango na nanomita 656. Kore mai ratsin shuɗi na oksijin ne, a nanomita 501. Wannan koren ya taɓa rikita masana: William Huggins, shi ma daga gidansa yake aiki a Landan, ya gan shi a wani nebula a 1864, aka rasa sinadarin da ke yin sa har aka zaci sabon sinadari ne, sai a 1927 Ira Bowen ya nuna cewa oksijin ce, a yanayin da iska ta yi ƙarancin da ba a iya kwaikwayonsa a duniya a lokacin. Shuɗin da ke gefe kuma ƙura ce ke mayar da hasken taurari. Kyamarar biki tana da gilashi a gaban sensa da ke tare mafi yawan jan haidurojin don fatar mutane ta fito daidai, shi ya sa wasu ke cire shi, kuma Canon da Nikon sun taɓa fitar da kyamarori na musamman don masu wannan aiki, irin su 60Da a 2012 da D810A a 2015. Akwai dai hotunan da ake sauya wa launi da gangan. Shahararren hoton nan na ginshiƙai uku da na'urar Hubble ta ɗauka a 1995, an ba haidurojin kore, aka ba farar wuta ja, aka ba oksijin shuɗi, don a rarrabe su. Wannan ba ha'inci ba ne muddin an faɗa. Al'adar masu sana'ar ke nan da ta fi kwanta mini: suna rubuta komai a ƙarƙashin hoto, kyamara kaza, lensi kaza, hoto nawa, sakan nawa, daren yaushe, daga ina. Kowa na iya zuwa ya gwada ya gani. A zamanin da manhaja ke ƙirƙiro hoton abin da bai taɓa faruwa ba cikin sakan biyar, mutumin da ya ƙi ƙara tauraro ko ɗaya da bai faɗo cikin gilashinsa ba ya cancanci a jinjina masa.

Zariya tana da rabonta a wannan harka, kuma ba ƙarami ba ne. Wahalar tauraron arewa tana da lada: saboda kusancinmu da tsakiyar duniya, gajimaren Oriyon yana hawa har digiri 74, inda iska ta fi sirantaka kuma hazo ya fi rauni. Muna kuma ganin saman kudu da mutanen Turai ba sa gani. Gajimaren Karina, wanda ya fi na Oriyon girma kuma da shi na'urar James Webb ta gwada ƙarfinta a Yulin 2022, ba ya leƙowa a Landan ko Faris ko sau ɗaya. A nan yana hawa digiri 19 ta saman Birni a dararen Maris da Afrilu, ƙasa-ƙasa dai, amma yana nan. Da damina kuma akwai gajimaren Lagun, in aka dace da daren da ruwa ya wanke sama hadari ya watse, irin daren da ba a cika samu ba amma babu kamarsa a tsabta.

Hunturu shi ne mai ba da hannun dama ya karɓe da hagu. Lokacin da Oriyon ya fi daɗin kamawa, daga Disamba da yake tsakiyar sama da tsakar dare zuwa ƙarshen Janairu da yake kaiwa can wajen ƙarfe 9 da rabi, shi ne lokacin da iska ke kwaso ƙura daga kwarin Bodele a arewacin Chadi ta zuba mana. Babu hadari, amma sama ta yi fari, ƙurar kuma tana kama hasken fitilun gari ta watsa shi ko'ina. Don haka mai hankali ba ya jiran lokacin da littattafan Turai suka ce, yakan yi aikinsa a ƙarshen Oktoba da Nuwamba ko da zai hana kansa barci, sannan ya riƙa farautar 'yan kwanakin da hazo ke ɗagawa a tsakiyar hunturu. In aka ɗauke wuta unguwa ta yi duhu, kowa na tsaki shi yana hamdala, sai dai fitilun sola na kan titi ba sa mutuwa, kuma farin haskensu ya fi na tsofaffin fitilu masu ruwan lemo wuyar tacewa.

Maganar wata kuwa, ba sai an koya wa Bahaushe ba. Bature sai ya buɗe manhaja kafin ya san kwanan wata, a nan kowane liman ya sani. Farin wata yana kashe gajimare, saboda haka kwanakin aiki su ne daga 25 zuwa 5 ga wata na Hijira. A Nuwamba, da ake aiki bayan tsakar dare, ana iya kaiwa har 7 ga wata tunda ya riga ya faɗi. A Janairu da Fabrairu, da ake aiki bayan isha'i, ana iya farawa tun 20 ga wata tunda bai fito ba tukuna. Kallon sama da lissafi ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Malaman zaure sun daɗe suna lissafa manzilolin taurari 28 suna gaya wa manoma lokacin shuka, kuma Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, da lissafi ya yi suna a can. Ba duba ba ne aikin hoton nan, ba kuma neman sa'a ba. Mai kyamara ba ya tambayar tauraro komai game da aurensa ko kasuwarsa.

Akwai ladabin da babu littafin waje da zai koya maka. Mutum a saman bene da ƙarfe biyun dare, da kyamara mai dogon baki, a unguwar da tsakar gidajen mutane ke buɗe, ya san abin da za a zata. Tun da rana ake zuwa a gaida mai unguwa da maƙwabta da 'yan sintiri a yi musu bayani. Wanda ya fi dabara yakan ɗauki hoton jiya ya kai wa dattijon gidan da ke kusa, ya ce, «Baba, ga abin da nake nema a sama, in an sami dama a hau a gani.» Da wuya a hana shi bayan nan, sau da yawa ma yaran gidan ne za su zama masu riƙe masa agogo. Fita bayan gari, wajen Kufena ko hanyar Shika, don neman duhu yana da amfani, amma halin tsaro ya sa ba abin da za a yi shi kaɗai ba ne ko a saba da shi. Ƙarin awa biyu a saman bene yana rama wani abu daga abin da hasken gari ya ci.

Kada kuma a ɗauka wasa ne da ba ya haifar da komai. A Janairun 2004 Jay McNeil, a bayan gidansa a jihar Kentaki, da na'ura mai faɗin inci 3 kacal, ya ga wani ɗan haske a hotonsa na wani sashe na Oriyon wanda babu shi a taswirorin da ya duba. Jaririn tauraro ne ya yi tartsatsi ya haska ƙurar da ke kewaye da shi, kuma har yau da sunan McNeil ake kiran wannan gajimaren. A farkon 2023 wasu 'yan sha'awa uku, Marcel Drechsler na Jamus da Xavier Strottner da Yann Sainty na Faransa, sun bayyana wani ƙaton baka na hasken oksijin kusa da tarin taurarin Andiromeda, wurin da manyan na'urori suka shafe fiye da shekara 100 suna ɗauka ba su lura da shi ba. Abin da suka fi manyan da shi lokaci ne. Babbar na'ura layi ake bi, kowa da 'yan awoyinsa, ɗan sha'awa kuwa yana iya zuba awa 100 a wuri ɗaya ba wanda zai tambaye shi dalili.

Yanzu abin ya yi sauƙi ta wata fuskar. Tun 2019 wayoyin Pixel suke haɗa gajerun hotuna da kansu har na minti 4, kuma a 2023 aka fito da Seestar S50, 'yar na'urar da ke nemo gajimare ta bi shi ta haɗa hotunan ta turo maka a waya, a kan kimanin dala 500. Ba na kushe ta. Sai dai wanda ya fara da ita zai sami hoto, wanda ya fara da katako da sukuru zai sami hoto ya kuma san dalilin kowane ɗigo da ke cikinsa, kuma ranar da abu ya lalace shi ne zai iya gyarawa.

Kayan farawa duk suna cikin garin nan. Manhajar Stellarium kyauta ce, ka rubuta M42, lambar da Charles Messier na Faransa ya ba gajimaren a jerinsa, ta nuna maka inda yake a kowace awa. Kafintoci suna nan, benaye suna nan a Kongo da Gyallesu da Agoro, ɗaliban kimiyya sun cika Samaru da Barewa da Alhudahuda. Abin da ya rage kyamara ce, ita kuma tana kwana a jaka a shagunan masu hoton biki. Ku masu shagunan nan, ku ara wa ƙannenku dare ɗaya a ƙarshen kowane wata, da lensi mai 50 da batir biyu a cike.